Imam Ghazali: Malamin Da Ya Bar Kujera Don Ya Fanshi Kansa

Mai karatu, duk lokacin da aka ambaci bauta da 'yanci, abin da ya fi saurin zuwa zukatanmu shi ne mari a ƙafa da sarƙa a wuya, ko kuwa mulkin mallaka da ranar da aka sauke tutarsa. To amma malaman tarbiyya sun daɗe suna jan hankalinmu ga wata bautar da ta fi waɗannan wuyar fita, domin ubangidan yana zaune ne a cikin ƙirjin bawan, kuma galibi bawan bai ma san an mallake shi ba. Wannan ubangida kuwa shi ne son zuciya. A yau ina so mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah da ya farga da wannan bauta yana tsakiyar ɗaukaka, ya kuma biya fansar kansa da abin da ya fi komai tsada a wurinsa. Wannan shi ne Imam Ghazali, wanda ake yi wa laƙabi da Hujjatul Islam.

An haifi Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Ghazali a shekarar 450 bayan Hijira, wato 1058 Miladiyya, a garin Ɗus da ke yankin Khurasan, kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran a yau. Masu tarihi sun ruwaito cewa mahaifinsa talaka ne mai sana'ar kaɗa zaren ulu, wanda bai yi zurfi a karatu ba amma yana son zama a majalisin malamai. Da ajali ya gabato shi, sai ya danƙa amanar 'ya'yansa biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmadu, ga wani amininsa sufi, tare da ɗan abin da ya tara. Ba a daɗe ba guzurin ya ƙare, shi kuma aminin ba mai hali ba ne, don haka ya shawarci yaran su shiga makaranta inda ake ciyar da ɗalibai. Ke nan yunwa ce ta fara kai Ghazali ƙofar ilimi, kuma shi da kansa bai ɓoye hakan ba bayan ya girma.

Ya fara karatun fiƙihu a garinsu, daga nan ya tafi Jurjan neman ƙari. A kan hanyarsa ta dawowa ne 'yan fashi suka tare ayarinsu suka kwashe komai, har da jakar da ya zuba takardun karatunsa. Saurayin ya bi su yana roƙo a mayar masa da takardun, domin a cikinsu duk wahalarsa take. Shugaban 'yan fashin ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilimin da ɓarawo zai iya raba mutum da shi a yini guda bai zama nasa ba tukuna, sannan ya sa aka jefa masa jakarsa. Maganar ta soki Ghazali ƙwarai. Da ya isa gida sai ya shafe shekara 3 yana haddace abin da ke cikin takardun. Wannan shi ne karo na farko da ya gane bambancin abin da mutum ya riƙe a hannu da abin da ya shiga jikinsa, kuma darasin zai sake dawo masa ta wata fuska mafi zafi.

Daga nan ya nufi Naisabur, inda ya zauna a gaban babban malamin zamanin, Imamul Haramaini Al-Juwaini. A nan ya ƙware a fiƙihun mazhabar Shafi'iyya da usulu da ilimin kalam da manɗiƙ, ya kuma yi fice wajen kaifin ƙwaƙwalwa da iya jayayya. Da malamin nasa ya rasu a 1085, sai ya koma fadar Nizamul Mulk, shahararren wazirin daular Saljuƙawa, wanda majalisinsa ya kasance matattarar malamai da fagen muƙabala. A wannan fage Ghazali ya riƙa kayar da abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya, har sunansa ya game ƙasa. A shekarar 1091 wazirin ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, alhali bai wuce shekara 34 da haihuwa ba.

Ya kamata mai karatu ya fahimci nauyin wannan kujera. Bagadaza ita ce mazaunin Halifa, Nizamiyya kuwa ita ce makaranta mafi daraja a duniyar Musulmi ta wancan lokaci. Ɗalibai kimanin 300 ne ke zama a gabansa, manyan malamai na halartar darasinsa, fada na neman shawararsa, dukiya na shigowa. Alƙalaminsa ma bai huta ba. Ya rubuta wa Halifa Al-Mustazhir littafin raddi ga 'yan Baɗiniyya, ya kuma nazarci falsafar su Ibn Sina da Al-Farabi har ya fito da littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a farkon 1095, inda ya ƙalubalance su a kan mas'aloli 20. Maraya ɗan mai kaɗin ulu ya kai inda babu sauran matakin hawa. Sai dai wani malami da ya san shi tun a Naisabur, Abdul Gafir Al-Farisi, ya bar mana shaidar cewa Ghazali na wancan lokaci mutum ne mai ji da kansa, mai raina abokan zamansa saboda baiwar magana da basira da Allah Ya ba shi.

Ana cikin haka sai ƙasa ta fara girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsa. A watan Ramadan na 485, wato Oktoban 1092, aka soke Nizamul Mulk da wuƙa har lahira. Bayan wata guda da 'yan kwanaki Sarki Malikshah shi ma ya rasu, iyalansa suka shiga yaƙin neman gadon sarauta. A farkon 1094 Halifa Al-Muƙtadi ya bi su. Cikin ƙasa da shekara biyu Ghazali ya ga manyan mutane uku da duniyarsa ta jingina a kansu sun kwanta dama, ya kuma ga yadda ake jan malamai cikin rikicin masu mulki domin su sa albarka. Bahaushe ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya faru a cikin zuciyarsa kuwa, shi da kansa ya ba da labarinsa a littafin da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa, Al-Munƙiz Minad Dalal. Ya kasa masu neman gaskiya gida huɗu: malaman kalam, 'yan Baɗiniyya, masana falsafa da sufaye. Ya bi hanyoyi ukun farko har ƙarshensu bai sami abin da zai kashe masa ƙishirwa ba. Da ya zo kan ta huɗu sai ya karanta littafin Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Al-Makki da rubuce-rubucen Al-Muhasibi da abin da aka ruwaito daga su Junaidu, ya fahimce su sarai, amma ya lura cewa wannan hanya karatu kaɗai ba ya kai mutum ƙarshenta. Ya kwatanta halinsa da na likitan da ya san ma'anar lafiya da dukkan sharuɗɗanta alhali shi kansa yana kwance. Daga nan ya juya ya binciki niyyarsa a kan mafi kyawun ayyukansa, wato koyarwa. Abin da ya tarar ya firgita shi: neman matsayi da yaɗuwar suna ne ke motsa shi, kuma a ganinsa yana tsaye ne a bakin ramin wuta.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya ɗan dakata. Babu wanda ya taɓa zargin Ghazali da giya ko neman mata ko cin dukiyar marayu. Da za a auna shi da ma'aunin da muke auna malamanmu, da ya fita tas. Sha'awar da ta ɗaure shi ta zo masa ne sanye da rawani da alkyabba, tana riƙe da littafi, tana magana da harshen addini. Tana ce masa yana kare Sunna, yana raya ilimi, yana amfanar al'umma, kuma duk waɗannan gaskiya ne a zahiri. Wannan shi ya sa ta fi sauran haɗari. Mashayi ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, don haka ƙofar tuba a buɗe take gare shi kullum. Wanda yake bauta wa yabon mutane a kan mumbari kuwa, yana iya mutuwa yana zaton lada yake tarawa.

Gane cuta daban, rabuwa da ita daban. Tun daga watan Rajab na 488, wato Yulin 1095, Ghazali ya shafe kusan wata shida ana ja-in-ja a cikin ƙirjinsa. Da safe ya ƙudura niyyar barin Bagadaza, kafin yamma son zuciya ya warware ƙudurin, yana raya masa cewa wannan hali ne mai wucewa, kuma idan ya saki irin wannan matsayi ba zai sake samun kamarsa ba. Daga ƙarshe al'amarin ya fita daga hannunsa. Harshensa ya ɗaure, ya zauna a gaban ɗalibai ya kasa furta kalma ɗaya ta darasi. Abinci ya daina shiga, jiki ya rame. Likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso, kuma babu magani sai an kawar da damuwar da ta haife shi. Mutumin da ya rinjayi kowa da harshe, ta harshen aka kama shi. Da dabara ta ƙare masa sai ya koma ga Allah komawar wanda ba shi da sauran mafita, kuma a cewarsa a lokacin ne aka sauƙaƙa wa zuciyarsa rabuwa da matsayi da dukiya da abokai.

A watan Zulƙida na wannan shekara, wato Nuwamban 1095, ya fita daga Bagadaza. Ya nuna wa mutane cewa Makka za shi, alhali ƙasar Sham ya nufa, saboda tsoron kada Halifa da abokansa su hana shi. Ya rabar da dukiyarsa, bai rage ba sai abin da zai ishe shi da 'ya'yansa, ya bar ƙanensa Ahmadu a kan kujerar karatu. Gari ya ɗauki surutu. Na nesa suka ce tsoron hukuma ne ya kore shi, na kusa da suka ga yadda masu mulki ke manne masa suka ce kambun baka ne ya sami malamai. Har yau akwai masana tarihi da ke ganin rikicin siyasar lokacin yana da hannu a tafiyar. Ko da an yarda da haka, abin lura shi ne, mai gudun fitinar siyasa yakan dawo da zarar ƙura ta lafa, shi kuwa Ghazali bai sake hawa wannan kujera ta Bagadaza ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A Dimashƙa ya zama baƙon da ba a sani ba. Yakan yi i'itikafi a babban masallacin Banu Umayya, ya hau hasumiya ya rufe wa kansa ƙofa ya wuni yana zikiri da tunani. Daga can ya wuce birnin Ƙudus, inda yakan keɓe kansa a Ƙubbatus Sakhra. Sannan ya ziyarci ƙabarin Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a garin Al-Khalil. A wannan wuri ne, kamar yadda ya bayyana a wasiƙunsa na harshen Farisanci, ya ɗauki alkawura uku: ba zai sake karɓar kuɗin sarki ba, ba zai sake zuwa fadar sarki ba, ba zai kuma sake shiga muƙabala ba. A shekarar 1096 ya sauke faralin aikin Hajji, ya ziyarci Madina.

Duk wanda ya dubi waɗannan alkawura uku da idon basira zai ga cewa mutumin ya san ciwonsa. Bai yi alkawarin daina cin nama ko sa tsumma ba, domin ba ta nan ɓarawon yake shigo masa ba. Ƙofofi uku da son matsayi ke bi ya shiga zuciyarsa su ya toshe. Kuɗin sarki yana sayen harshen malami, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zaman fada yana koya wa mutum auna kansa da kusancinsa ga mai mulki. Muƙabala kuwa, wadda ita ce ta ɗaga shi tun farko, tana shayar da girman kai da hassada da son a ce wane ya fi wane. Wannan shi ne matakin farko na horon kai a wurin Ghazali: kowa ya nemo tasa ƙofar, domin abin da ke halaka wani ba lalle ne shi ke halaka ɗan uwansa ba.

Bai dawwama a yawon ba. Kiran 'ya'yansa da kewarsu suka jawo shi, ya biyo ta Bagadaza a 1097 a matsayin baƙo, ya wuce garinsu Ɗus. Ya faɗa da bakinsa cewa hidimar iyali da neman abin sawa a baka da al'amuran zamani sun riƙa gurɓata masa keɓewar da yake so, ba ya samun natsuwa sai jefi-jefi, amma duk lokacin da aka kautar da shi sai ya sake komawa. Wannan ikirari yana da daraja, domin ya nuna mana waliyyin da ke fama da cefane da rigimar yara kamar kowa. A haka ya shafe shekara 11 nesa da makarantun hukuma, yana karantar da 'yan tsirarun almajirai, yana kuma rubuta littafin da ya fi kowane ɗaukaka sunansa, wato Ihya'u Ulumid Din.

Tsarin littafin kansa taswirar tafiyarsa ce. Ya kasa shi kashi huɗu, kowane kashi da littattafai 10, jimla 40. Kashi na farko ibada, na biyu al'amuran yau da kullum kamar ci da aure da sana'a, na uku abubuwa masu halakarwa, na huɗu masu tserarwa. A kashi na uku ya fara da bayanin zuciya da yadda ake horar da rai, sannan ya jero cututtukan: sha'awar ciki da ta farji, illolin harshe, fushi da ƙullaci da hassada, son duniya, rowa da son dukiya, son matsayi da riya, girman kai da jiji da kai, sannan ruɗuwa. Ya nuna cewa sarƙa ce mai zobe-zobe. Ciki idan ya saba da ƙoshi yana tayar da sha'awa, su biyun suna buƙatar dukiya, dukiya tana buƙatar matsayin da zai kare ta, matsayi kuma yana haifar da riya da gasa da gaba. Kashi na huɗu ya buɗe da tuba ya rufe da tuna mutuwa.

Wani zai zaci mutumin da ya sha irin wannan wuya a hannun son zuciya zai yi fatawar a kashe sha'awa gaba ɗaya. Ghazali bai yi haka ba, hasali ma ya yi raddi ga masu wannan ra'ayi. A fahimtarsa an halicci sha'awa ne don wata hikima: ba don sha'awar abinci ba da jiki ya halaka, ba don sha'awar aure ba da zuriya ta yanke, ba don fushi ba da mutum ya kasa kare kansa da mutuncinsa. Abin da ake nema shi ne a mayar da kowanne matsakaicin matsayinsa. Ya kwatanta jikin ɗan Adam da gari: zuciya ce sarki, hankali waziri, sha'awa baran da ke kawo abinci, fushi kuma shugaban dogarai. Gari yana zaman lafiya muddin sarki na jin shawarar waziri, dogari kuma na tsawata wa bara. Ranar da bara ya hau karaga, waziri ya koma mai ƙulla masa dabarun samun abin da yake kwaɗayi, gari ya ci kansa. A wani wurin ya kawo misalin maharbi da dokinsa da karensa. Idan sun horu ya dawo da nama, idan ba su horu ba doki ya kayar da shi, kare ya cije shi.

Hanyar horon ma ya shimfiɗa ta dalla-dalla, irin ta wanda ya gwada da kansa. Ya yi imani cewa hali yana canzuwa, in ba haka ba da wa'azi da tarbiyya ba su da amfani. Ana magance kowace cuta ne da kishiyarta: marowaci ya tilasta wa kansa kyauta, mai girman kai ya riƙa yin ayyukan ƙanƙan da kai, har abin da aka fara da ƙyar ya zama ɗabi'a, kamar yadda mai koyon rubutu ke wahala kafin hannunsa ya faɗa. Ya kuma hana gaggawa. Wanda ya saba cin gurasa biyu yana son komawa ɗaya, ya shawarce shi da ya riƙa rage ɗan gutsure kullum, yadda cikin wata guda zai kai ga burinsa ba tare da jiki ya ji ba. Sannu ba ta hana zuwa. Sannan ya koyar da mutum ya ɗauki ransa kamar abokin kasuwanci: da asuba a gindaya masa sharaɗi, da rana a sa masa ido, da dare a zauna a yi lissafi, idan an sami giɓi a hukunta shi, a ƙara masa aiki, a kuma yi masa faɗa.

Da yake ya san makircin rai ciki da waje, bai bar masu zuhudu su yi barci ba. Ya yi gargaɗi cewa mutum yana iya barin abinci mai daɗi amma ya riƙa jin daɗin a ce da shi mai gudun duniya, ya kwatanta mai wannan hali da wanda ya guje wa kunama ya faɗa wa maciji. An gudu ba a tsira ba ke nan. Littafin ƙarshe na kashin masu halakarwa ya keɓe shi ne ga ruɗaɗɗu, kuma rukunin farko da ya lissafa su ne malamai, sai masu yawan ibada, sai sufaye, sai masu dukiya. Bai ware jama'arsa ba, bai kuma ware kansa ba.

To mene ne ribar duk wannan wahala? A wurin Ghazali zuciya kamar madubi take, an yi ta ne don ta ɗauki hasken sanin Allah, bin son rai kuma shi ne tsatsar da ke rufe ta. Horon kai gogewa ce kawai, hasken kyauta ce daga Allah. Ya kuma yi wani bayani mai zurfi game da jin daɗi. Yaro yana ganin babu abin da ya kai wasa, idan ya tasa sai ado da hawan doki su mantar da shi wasan, daga nan sha'awar aure, daga nan son shugabanci, kuma kowane mataki yana sa na bayansa ya zama abin dariya. A saman su duka akwai daɗin sanin Allah da ƙaunarSa. Ma'ana, mai tafiya a wannan hanya ba ya rabuwa da so, sonsa ne yake girma har ya sami abin da ya cancance shi. Wanda ya ɗanɗani na sama ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan na ƙasa ba, kuma a nan ne kokawa take ƙarewa 'yanci ya fara.

Jarrabawar wannan 'yanci ta zo a watan Zulƙida na 499, wato 1106. Fakhrul Mulk, ɗan tsohon ubangidansa kuma wazirin Sarki Sanjar, ya matsa masa lamba ya dawo ya karantar a Nizamiyyar Naisabur. Bayan shawara da mutanen kirki, da la'akari da yadda imanin jama'a ya yi rauni, ya amince. Ya bayyana cewa a da yana koyar da ilimin da ake samun matsayi da shi, yanzu kuwa yana kira ne zuwa ga ilimin da ake barin matsayi da shi. Abdul Gafir, wanda ya san tsohon halinsa, ya ce da farko ya yi zaton shiga ce kawai aka yi, amma bayan ya ziyarce shi sau da dama ya bincika, sai ya tabbatar mutumin ya warke da gaske. Ko da mahassada suka kai ƙararsa aka tilasta masa bayyana gaban Sanjar, ya yi amfani da damar wajen roƙa wa talakawan Ɗus sassauci, saboda fari da sanyi da zalunci sun gallabe su.

Bai daɗe a Naisabur ba ya koma Ɗus, ya gina makaranta da zawiya kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin karatun Alƙur'ani da koyarwa da zama da masu tarbiyya, ya kuma duƙufa kan nazarin Bukhari da Muslim. A 1109 ya kammala Al-Mustasfa, babban littafinsa na usulul fiƙhi. A 1110 aka aiko masa da goron gayyata ya koma tsohuwar kujerarsa ta Bagadaza, ya ba da haƙuri, ya kafa hujja da ɗalibansa da iyalinsa da alkawarin da ya ɗauka a Al-Khalil. Ranar Litinin 14 ga Jimada Sani 505, cikin watan Disamban 1111, kamar yadda aka ruwaito daga ƙanensa Ahmadu, ya yi alwala ya sallaci asuba, ya nemi a kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, ya miƙe ya fuskanci alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sosai. Yana da shekara 55 a lissafin Hijira.

Adalci ya sa a faɗi cewa bai tsira daga suka ba, kuma wata sukar tana da tushe. Ihya na ɗauke da hadisai masu rauni da ma waɗanda ba su da asali, abin da ya sa Hafiz Al-Iraƙi, wanda ya rasu a 1404, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bayyana matsayinsu. Ibnul Jauzi ya soki wasu labaran wuce gona da iri na masu zuhudu da ke ciki, duk da haka ya ga littafin ya cancanci ya taƙaita shi. A 1109, Ghazali na raye, an ƙona Ihya a birnin Ƙurɗuba ƙarƙashin mulkin Murabiɗai. Ibn Rushd ya mayar masa da martani kan falsafa. Akwai kuma masu tambayar dalilin da ya sa ba a ji muryarsa sosai ba lokacin da mayaƙan Salibiyya suka kama Ƙudus a 1099. Mai hankali yakan karanta shi da ido biyu, ya ɗauki abin da ya inganta. Amma shekara sama da 900 bayan rasuwarsa, littafin da aka cinna wa wuta ana karanta shi daga Indonesiya har Senegal.

Mu ma a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne. Ihya na cikin littattafan da ake bajewa a zaurukan malamai, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi sun sha kafa hujja da maganganun Ghazali a rubuce-rubucensu. Hasali ma Malam Abdullahi ya ɗanɗani irin wannan ɗaci. 'Yan shekaru bayan fara jihadin 1804, da ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta masu Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma bakin aikinsa. Shi ma ya fita ne don ya tsira da zuciyarsa, ya kuma dawo don al'umma na da haƙƙi a kansa.

Darasin bai tsaya kan malamai ba, ko da yake su ya fi shafa. Ba a ce kowa ya ajiye aikinsa ya hau hasumiya ba, domin Ghazali kansa ya sauko ya koma aji. Abin da rayuwarsa ke nema daga gare mu shi ne tambayar da ya yi wa kansa yana kan ganiyarsa, lokacin da babu mai tuhumarsa da komai. Malamin da ke ƙirga yawan mahalarta tafsirinsa yana kwatantawa da na wane, da ɗan siyasar da ya rantse talakawa yake yi wa hidima amma ba zai iya kwana ɗaya babu jiniya ba, da attajirin da ba ya gina masallaci sai an manna sunansa, da ni mai wannan rubutu da nake son a ce na iya, kowannenmu yana da ƙofar da ɓarawonsa ke shigowa. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: abin da ba za ka iya ajiyewa ba ranar da gaskiya ta nemi ka ajiye shi, shi ne ubangidanka, komai kyawun sunan da ka raɗa masa. Son zuciya ɓacin zuciya, in ji masu iya magana.

Allah Ya jiƙan Imam Ghazali, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri. Mu kuma Ya nuna mana cututtukan zukatanmu tun muna da sauran lokacin magani, Ya ba mu ikon riƙe linzamin rayukanmu, Ya sa mu cika da kyau da imani, amin.